Gano Cuta da Tsabtace Na'urar Faifan Fulofi: Nazari a Kan Commodore 1541

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake gano abin da ya sami na'urar karanta faifan fulofi ta tsohuwar kwamfutar gida, da yadda ake tsabtace ta har ta koma bakin aikinta. An zaɓi Commodore 1541, watau na'urar da aka ƙera domin kwamfutar Commodore 64, don kada bayanin ya zama na kame-kame, ko da yake yawancin abin da za a faɗa a kanta ya shafi sauran 'yan'uwanta.

Mai karatu yana iya tambayar amfanin wannan nazari, tun da an daina yayin fulofi, har ma kamfanin Sony ya daina yin faifan a shekarar 2011. Amsa ita ce, tsohuwar takardar ajami, ko ta shekara ɗari a gafaka, ido ya ishe ta, muddin gara ba ta ci ta ba. Rubutun da ke cikin faifai kuwa ba ya ganuwa sai ta hanyar na'urarsa, kuma idan na'urar ba ta da lafiya tana iya share shi a juyi ɗaya. A shekarar 1985 mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, ya yi wasu zane-zane da kwamfutar Amiga, aka adana su a faya-fayan fulofi. Ba a sake ganin su ba sai a 2014, bayan da ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta karanto su cikin tsanaki. Da an jefa waɗannan faya-fayai cikin na'ura mai datti, da wataƙila labarin ya ƙare ke nan. Duk mai binciken da ya yi karo da tsohon faifai, na marubuci ne ko na ofis, irin wannan haɗari yake fuskanta.

1.1 Kalmomin da aka yi amfani da su

A cikin wannan takarda, "faifai" yana nufin faifan fulofi mai faɗin inci 5¼, "riga" kuwa ita ce jakar roba mai kusurwa huɗu da yake ciki. "Kai" shi ne ɗan abin da ke taɓa faifan yana karatu da rubutu. "Da'ira" ita ce layin da ake rubutu a kansa a kewayen faifai, "yanki" kuma gutsure ne na da'ira. "Injin juyi" shi ke juya faifai, "injin taku" shi ke gusar da kai daga wata da'ira zuwa wata.

2.0 Taƙaitaccen tarihi

Kamfanin IBM ne ya fara fito da faifan fulofi a shekarar 1971, mai faɗin inci 8. Tun a lokacin ƙura ce ta fara ba masu ƙirar wahala, shi ya sa suka sa faifan cikin riga wadda aka yi wa shafi da wani lallausan ƙyalle daga ciki, domin ya riƙa share shi yayin da yake juyawa. A 1976 kamfanin Shugart Associates ya fito da ƙaramin faifai mai inci 5¼, wanda shi ne kwamfutocin gida suka runguma. Commodore 64 ta shiga kasuwa a 1982, kuma a shekarar ne aka fito da 1541. Kamfanin Commodore ya karye a 1994, saboda haka duk wata 1541 da ke hannun mutane yau ta haura shekara 30, kuma babu masana'antar da za a kai wa kuka.

Akwai iri biyu da aka fi cin karo da su. Na farko shi ne wanda kamfanin Alps ya yi wa kayan ciki, ana gane shi da ƙofar da ake dannawa ƙasa. Na biyu na Newtronics ne, mai ɗan hannu da ake murɗawa. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin kowanne da cutar da ta fi kama shi.

3.0 Sassan na'urar da yadda take aiki

Wanda bai san lafiyayyen jiki ba, ba zai gane maras lafiya ba, don haka ya kamata mu fara duba yadda na'urar take aiki.

Faifai fallen roba ne da aka shafe da garin ƙarfe mai karɓar maganaɗisu. Injin juyi yana juya shi sau 300 a minti ɗaya. Kai yana ƙarƙashin faifan, a kan wasu sandunan ƙarfe guda biyu da yake zamewa a kansu, daga sama kuma akwai ɗan matashin ulu da ke danne faifan a kan kai. Abin lura a nan shi ne, kan yana goga faifan ne kai tsaye, babu wata tazara tsakaninsu. Wannan shi ne tushen yawancin matsaloli, domin duk abin da ya ɓantare daga jikin faifai a kan kai yake taruwa.

Na'urar tana raba faifai zuwa da'ira 35. Da'irori na 1 zuwa 17 suna da yanki 21 kowacce, na 18 zuwa 24 suna da 19, na 25 zuwa 30 suna da 18, na 31 zuwa 35 kuma 17. Jimilla yanki 683 ke nan, kowane yana ɗaukar bayit 256, watau kimanin kilobayit 170. Jerin sunayen abubuwan da ke cikin faifai yana a da'ira ta 18, a tsakiya. Tazarar da ke tsakanin da'ira da da'ira ba ta fi kimanin rabin milimita ba, saboda haka kaucewa kaɗan ta isa ta hana karatu.

Har ila yau, 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta. Tana da nata ƙwaƙwalwar mai lamba 6502, da wasu guntaye biyu masu lamba 6522 da ke kula da injina da hanyar magana da kwamfuta, ga kuma taransifoma a cikin akwatinta. Wannan yana da amfani ga mai gyara, domin ana iya tambayar ta abin da ke damun ta, ta ba da amsa da lamba. Illarsa kuma ita ce zafi, gama taransifomar tana ɗumama duk abin da ke cikin akwatin.

4.0 Gwajin farko, ba tare da faifai ba

4.1 Kafin a kunna

Abu na farko shi ne a karanta tambarin da ke jikin akwatin a ga ƙarfin wutar da take ɗauka. Waɗanda aka yi domin Amurka wutar kimanin folt 120 suke sha, alhali wutar Nijeriya da Nijar ta kai folt 220 zuwa 240. Idan aka jona irin wannan ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, to, an gama da ita tun ba a fara ba. Bayan haka a duba wayar wuta ko ta tsage, a leƙa ƙofar ko akwai takarda ko wani tarkace a ciki. Kada a taɓa jona wayar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, ko a cire ta, alhali ɗaya daga cikinsu tana kunne.

4.2 Abin da fitilu ke faɗi

Na'urar tana da 'yan fitilu biyu a gaba, kore da ja. Idan lafiyarta ƙalau, da an kunna ta sai koren ya kama ya tsaya, jan ya kama na ɗan lokaci tare da ƙarar injin juyi, sa'an nan su biyun su tsaya. Abin da ya saɓa wa wannan ya kasu kashi uku:

(a) Babu fitilar da ta kama: a tuhumi fis, ko makunni, ko sashen wuta.

(b) Jar fitila ta kama ta ƙi mutuwa, inji yana ta juyawa: ƙwaƙwalwar na'urar ba ta farka ba. Galibi laifin ɗaya daga cikin guntayen da ke kan allon lantarki ne, ko ƙarancin wutar folt 5.

(c) Fitilu sun yi daidai amma inji bai motsa ba: a auna wutar folt 12, wadda ita ce ke tafiyar da injina.

Duk waɗannan cututtukan lantarki ne, wanki ba ya maganinsu. Wanda bai saba da mita da dalma ba, gara ya kai wa mai gyaran rediyo ko talabijin wanda ya san aikinsa.

4.3 Tambayar na'ura

Idan ta tsallake wannan mataki, sai a kashe, a jona ta da kwamfuta, a kunna, a buga waɗannan layuka:

10 OPEN 15,8,15
20 INPUT#15,A,B$,C,D
30 PRINT A,B$,C,D
40 CLOSE 15

Lamba 8 ita ce sunan na'urar a wurin kwamfuta, 15 kuwa ita ce ƙofar da take ba da rahoto ta cikinta. Idan aka buga RUN, lafiyayyar na'ura da aka kunna yanzun nan za ta amsa da lamba 73 tare da sunan tsarinta. Wannan amsa tana tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa da waya duk lafiya suke. Idan kuwa kwamfuta ta ce ba ta ga na'ura ba, ko ta daskare, sai a fara canza waya kafin a zargi wani abu.

5.0 Tsabtacewa

Na'urar da ta daɗe a ajiye ba a sa mata faifai, ko da na gwaji ne, sai an wanke ta. A ƙasarmu wannan ya fi zama wajibi, domin ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan shan iska ta cakuɗa da tsohon mai ta zama kamar laka, danshin damina kuma yana kawo tsatsa.

5.1 Kayan aiki

Ana bukatar sukundireba mai baki huɗu, da tsinken auduga irin na goge kunne, da ɗan buroshi mai laushi, da man keken ɗinki, da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye. An fi son wannan sinadari ne domin yana narkar da datti, ya bushe nan da nan, bai bar komai ba. Kada a yi amfani da fetur, ko kananzir, ko tina, ko turare, domin wasunsu suna cin roba, wasu kuma suna barin maiƙo.

5.2 Matakai

1. A zare wayar wuta daga bango. Kashe makunni kawai bai isa ba, tun da wutar gida tana shiga har cikin akwatin.

2. A kifa na'urar a kwance sukurori huɗu da ke ƙasa, a mayar da ita daidai, a ɗage murfi. Idan akwai garkuwar ƙarfe a kan allon lantarki, a cire ta. Duk wayar da za a zare, a fara ɗaukar hotonta, gama mayar da ita a juye yana iya ƙona wani abu.

3. A kaɗe ƙura da buroshi, ana fitar da ita waje, ba ana tura ta ciki ba.

4. A ɗaga hannun da ke riƙe da matashin ulu a hankali, gwargwadon yadda tsinken auduga zai shiga. A ƙarƙashinsa za a ga kai, fari mai santsi, da ɗan baƙin layi a tsakiya. Idan an ga wani ja-ja ko ruwan ƙasa a kansa, garin ƙarfen faifai ne. A jiƙa auduga da sinadarin, a matse ta kada ta ɗiga, a goge kan sannu a hankali. A yi ta canza auduga har sai ta fito fara fat. Ba a kankare kai da ƙarfe ko farce, komai taurin dattin.

5. Matashin ulu ba a jiƙa shi, domin sinadarin yana iya narkar da gam ɗin da ke riƙe da shi. A kaɗe shi da busasshen buroshi. Idan ya faɗi ko ya cinye, dole a maye gurbinsa, in ba haka ba faifai ba zai kwanta a kan kai ba, kuma hannun zai karce shi.

6. A goge sandunan ƙarfe biyu har tsohon man da ya daskare ya fita, a sa ɗigo ɗaya na man keke a kan kowanne, a tura kai gaba da baya da yatsa a hankali don man ya ratsa. Ya kamata a ji yana tafiya daki-daki ba tare da cijewa ba. Mai kaɗan ake so, domin wanda ya yi yawa ƙura yake kira, kuma idan ya taɓa kai ko faifai ɓarna ce.

7. A duba bel ɗin roba da ke ƙarƙashi, wanda ke haɗa injin juyi da gargaren da ke juya faifai. Idan ya saki, ko ya tsattsage, ko ya yi danƙo, a canza shi, a kuma goge inda yake bi.

8. A kaɗe ɗan idon da ke gefen hagu na ƙofa, wanda ke duba tsagar da ke gefen rigar faifai. Idan ƙura ta toshe shi, na'urar za ta ɗauka an kulle faifan, ta ƙi rubutu.

Bayan an gama, a bar komai ya bushe na 'yan mintoci kafin a mayar da wuta.

6.0 Gwaji da faifai

Faifan da za a fara gwaji da shi ya zama wanda ba a damu da abin da ke cikinsa ba, kuma ya zama mai tsabta. Kada ya zama irin na baya-bayan nan mai ɗaukar megabayit 1.2, domin garin ƙarfensa yana bukatar maganaɗisun da ya fi ƙarfin kan 1541. A buga LOAD"$",8 sa'an nan LIST. Idan jerin sunaye ya fito, madalla. Idan jar fitila ta shiga ƙyaftawa, na'urar tana cewa an sami kuskure ne, sai a sake tambayar ta kamar yadda aka nuna a 4.3. Lambobin da aka fi gani su ne:

20: ba ta sami alamar shaidar yankin da take nema ba.
21: ba ta ga alamar fara karatu ba sam.
23: ta karanta yankin, amma lissafin tantancewa bai yi daidai ba.
26: an nemi ta yi rubutu a faifan da aka kulle.
74: ba ta shirya ba, watau kamar babu faifai a ciki.

Lamba kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an haɗa ta da kwatance. Idan faifai ɗaya ne ya ƙi karantuwa, sauran suka karantu, laifin faifan ne. Idan duka suka ba da 21 ko 74, a leƙa a gani ko faifan yana juyawa kuwa. Wani lokaci kai ne ya wuce da'ira ta 35 ya maƙale, sai a kashe wuta a dawo da shi tsakiya da yatsa. Idan duk wannan daidai yake, kuma na'urar irin ta Newtronics ce, a auna siraran wayoyin da ke cikin kai da mita, domin an san wannan iri da tsinkewar waya a cikin kai, kuma ba ta da magani sai sauya kan.

6.1 Gudun juyi

Idan gudun ya kauce daga 300 da yawa, karatu yana yin wuya, rubutu kuma ya fi haɗari, domin na'urar tana iya taka yankin da ke gaba. A jikin gargaren da ke ƙasa galibi akwai zoben zane-zane biyu, ɗaya da lamba 50, ɗaya da 60. Idan aka haska su da doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa daidai da bugun wutar gida, zoben da ya dace da wutar ƙasar zai zama kamar a tsaye yake in gudun daidai ne. Namu shi ne na 50. Amma fa wutar ƙaramin janareta ba ta tsayawa a kan bugu ɗaya, saboda haka awon da aka yi da ita ba abin dogara ba ne, gara a yi amfani da manhajar awon gudu. Gyaran kansa da wani ɗan maɓallin murɗawa ake yin sa, a kan ƙaramin allon injin juyi. Da yake ana yin wannan aiki ne wuta tana kunne, sai a nisanci sashen taransifoma.

6.2 Kaucewar saiti

Wannan ita ce cutar da 1541 ta yi suna da ita. Na'urar ba ta da idon da zai gaya mata kai ya iso da'ira ta farko. Idan tana son ta tabbatar da inda yake, sai ta yi ta jan sa baya har ya riƙa dukan wani tokare, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da sauri. Tana yin haka duk lokacin da za ta tsara sabon faifai, da kuma lokacin da karatu ya gagare ta. Wasu masu sayar da manhajoji ma sun riƙa dasa kuskure da gangan a faya-fayansu don hana kwafi, abin da ya ƙara yawan dukan. Yau da gobe, ga zafi ga duka, sai gargaren da ke kan injin taku ya goce, kai ya daina sauka a tsakiyar da'ira.

Alamar wannan cuta a bayyane take: na'urar tana karanta faifan da ita ta tsara da kanta, amma ta kasa karanta na masana'anta ko na wata na'ura. Sai an ga wannan alama, bayan an wanke kai an kuma daidaita gudu, ake maganar saiti. Ana yin sa ne ta sassauta sukurori biyu da ke riƙe da injin taku, a murɗa shi ƙanƙanin abu, ana gwadawa da faifan awo na musamman ko faifan masana'anta da aka amince da shi. Mutane da yawa da nan suke farawa, su kwance saitin da ba abin da ya same shi, alhali datti ne kawai a kan kai. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

7.0 Faifan kansa

Tsabtatacciyar na'ura tana iya komawa gidan jiya da faifai ɗaya. Kafin a sa tsohon faifai, a riƙe shi a haske, a sa yatsu biyu a ramin tsakiya ana juya shi, ana duba fuskarsa ta doguwar tagar da ke jikin riga. Idan an ga fararen ɗigo-ɗigo ko dusu-dusu, fumfuna ce. Idan kuma aka sa shi aka ji yana kuka ƙii-ƙii, a buɗe ƙofa nan take, domin garin ƙarfensa ne ke ɓantarewa, kuma kowane juyi rubutu yake tafiya da shi. Bayan kowane faifan da ake shakka, a sake goge kai.

Faifai mai muhimmanci a fara rufe tsagar gefensa da ɗan manne domin kada a yi rubutu a kansa bisa kuskure, kuma karatunsa na farko ya zama na kwafi, gama ba a da tabbacin zai jure na biyu. Akwai ɗan abin haɗi mai suna ZoomFloppy da ke jona 1541 da kwamfutar zamani, a kwashe faifan duka cikin fayil irin na D64 mai bayit 174,848, wanda manhajar VICE ke iya buɗewa. Faya-fayan da suka jigata kuwa, akwai KryoFlux da Greaseweazle, waɗanda ke ɗaukar ainihin bugun maganaɗisun da ke jikin faifai, domin a zauna a warware shi daga baya ba tare da an sake taɓa faifan ba.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa gyaran na'urar fulofi yana da tsari wanda ba a tsallake shi: a duba wuta, a saurari fitilu, a tambayi na'urar, a wanke kai da sanduna, a gwada da faifan da ba shi da daraja, a auna gudu, sa'an nan, in ya zama dole, a taɓa saiti. Hikimar wannan jeri ita ce a fara da abin da ba ya ɓata komai, a ƙare da abin da in an kuskure shi ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Bayan an gama aiki, a ajiye na'urar a rufe, a wuri busasshe, faya-fayai kuma a tsaye cikin ambulansu, nesa da rana da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu. Ana fata masu nazarin harshe za su dubi kalmomin da aka yi amfani da su a nan, su gyara waɗanda ba su zauna daidai ba, domin a sami daidaitattun kalmomin da za a riƙa koyar da irin wannan fanni da Hausa.